Dankali a Tankin Mota? A Ɗauko Biro Tukuna

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Maikatako da ke ƙaramar hukumar Bokkos ta jihar Filato a tsakiyar damina, lokacin da dankalin turawa ya faɗo, ya san yadda wurin yake. Mata sun baje buhuna a ƙasa suna tsinta. Manya gefe guda, matsakaita gefe guda, ƙanana kamar ƙwan zabuwa su ma da nasu tsibin. Can bayan rumfa kuma akwai tsibin da ba mai kallonsa: wanda fartanya ta sare, wanda rana ta buga ya yi kore, da wanda baƙin tabo ya ci har ya fara ruwa. Kafin la'asar ƙudaje sun mallake shi.

A irin wannan wuri ne za ka ji direban babbar mota, yana jiran a gama lodi, ya dubi tsibin ya ce wa dillali, "Alhaji, wai ka san Turawa da wannan suke yin man mota? Mu muna nan lita ta gagare mu, ga mai yana ruɓewa a ƙasa."

Dillalin ya gyara hula ya ce, "To Malam Direba, ka kawo injin, ni kuma in ba ka shi kyauta."

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haye naira 1,000 a ƙarshen 2024, irin wannan zance ya cika majalisu da gidajen rediyo. Jami'o'inmu ma ba a bar su a baya ba. Kowace shekara sai ɗaliban sashen kimiyyar sinadarai sun rubuta kundin kammala karatu kan fitar da etanol daga sitacin dankali ko ɓawonsa, su nuna 'yar kwalba mai farin ruwa, a kunna mata ashana ta kama, a tafa. Direban ya faɗi gaskiya, ɗaliban ma haka. Abin da ke damuna shi ne yadda muke tsayawa a tafin, ba mai ɗauko biro.

1. Yadda dankali ke zama mai

Aikin ba sihiri ba ne, kuma duk macen da ta iya kunun zaƙi ta san rabinsa. Idan ta dama gasara da tafasasshen ruwa ta yi kauri, takan bari ta ɗan huce, sannan ta zuba ɗanyen ƙullun da aka niƙa da dankalin Hausa ko tsiron shinkafa, ta rufe ta bar shi ya kwana. Da safe kaurin ya saki, kunu ya tsinke, ya yi zaƙi tun ba a sa sukari ba. Abin da ya faru shi ne, a cikin dankalin Hausa da tsiron hatsi akwai wasu sinadarai da ake kira inzayim, masu yayyanka sitaci su mayar da shi sukari. Masana'antar etanol wannan take yi, sai dai da ma'auni da manyan tukwane.

Dankalin turawa kusan kashi 80 cikin 100 ruwa ne. Sitacin da ke cikinsa yakan kama daga kashi 13 zuwa 20, gwargwadon iri da ƙasar da aka noma shi. Shi sitaci dogayen sarƙoƙi ne na sukarin gulukos, a dunƙule cikin ƙananan ƙwayoyi masu tauri, kuma yis ba ya iya cinsa a haka. Don haka matakin farko shi ne a shirya shi. A wanke dankalin a fitar da ƙasa, a markaɗa, a ɗora a wuta. Da zafi ya kai wajen digiri 60 zuwa 68 a ma'aunin Selsiyus, ƙwayoyin sitacin sai su sha ruwa su kumbura su fashe, abin ya zama talge mai kaurin da ludayi zai tsaya a ciki. Nan ake zuba inzayim na farko, alfa-amilas, wanda ake samowa daga wata ƙwayar bakteriya, mai jure zafin digiri 90. Cikin sa'a ɗaya ko biyu ya tsinka talgen. Sai a sauke zafin zuwa wajen digiri 60, a ɗan ƙara masa tsami, a zuba na biyu, gulukoamilas, wanda ake samowa daga wani nau'in fumfuna. Shi ne ke ƙarasa yanka guntayen sarƙoƙin su zama gulukos zalla.

Akwai masu amfani da ruwan asid da zafi mai tsanani maimakon inzayim, kuma ɗalibai kan bi wannan hanya saboda ta fi arha a ɗakin gwaji. Amma asid yana cin tukunya, yana ƙona wani ɓangare na sukarin, yana kuma haifar da wasu sinadarai masu kashe wa yis kuzari. Manyan masana'antu sun daɗe da komawa inzayim.

Mataki na biyu shi ne tsimi. A huce ruwan zuwa digiri 30 ko 32, a zuba yis, irin dai na masu burodi, a rufe kada iska ta shiga. Kwana biyu zuwa uku yis yana cin gulukos yana fitar da etanol da iskar kabon. In an yi sa'a za a samu ruwa mai ɗauke da etanol kashi 8 zuwa 12 cikin 100. Zafi ya wuce kima, yis ya mutu. Tsafta ta yi ƙaranci, bakteriya su riga yis cin sukarin, a tashi da ruwan tsami.

Mataki na uku shi ne mai cin wuta. Etanol yana tafasa a digiri 78, ruwa a 100, don haka ake dafa tsimin a kama tururin a sanyaya shi. Sai dai ko sau nawa ka maimaita, ba za ka wuce kashi 95 da ɗoriya ba, domin a nan ruwa da etanol suke tashi tare. Wannan ɗan ruwan da ya rage kuwa, in aka gauraya da fetur, sai su rabu a cikin tanki. Dole a bi da shi ta cikin wasu ƙwayoyin ma'adini masu tsotse ruwa, har ya kai kashi 99 da rabi, kafin ya cancanci shiga mota. Kwalbar da ɗalibi ya kunna wa ashana ba ta kai nan ba.

2. Ga lissafin

Kilo ɗaya na sitaci, in komai ya tafi daidai ba a yi asarar ko ɗigo ba, yana ba da etanol kusan kashi bakwai cikin goma na lita. Tan ɗaya na dankali mai sitaci kilo 170 zai ba da wajen lita 120 a takarda. A masana'anta kuwa, ka sa lita 100. Wato kilo 10 na dankali, lita ɗaya. Buhu mai kilo 100, lita 10.

Ba a nan ya tsaya ba. Ƙarfin da ke cikin litar etanol kusan kashi biyu cikin uku ne na wanda ke cikin litar fetur. Lita 10 ɗin nan, a tafiyar mota, ba ta kai lita 7 ta fetur ba. Yanzu sai mai karatu ya aika yaro kasuwar 'Yankaba a Kano ko Farin Gada a Jos ya tambayo kuɗin buhun dankali, ya kuma tambayo kuɗin lita 7 a gidan mai. Ko a ranar da dankali ya fi kowace rana araha, buhun ya ninka man. Kuma ba mu sa kuɗin itace ko gas na dafawa da tatsa ba, ba mu sa inzayim da ake shigowa da shi da dala ba, ba mu sa albashin ma'aikata ba, ba mu sa kuɗin motar da za ta kwaso tan 10 wanda tan 8 daga ciki ruwa ne ba.

A kwatanta da sauran amfanin gona. Tan ɗaya na masara yana ba da kusan lita 400, saboda busasshe ne. Ɗanyen rogo yakan ba da lita 150 ko fiye, ga shi ana iya barinsa a ƙasa sai an buƙace shi, ko a yayyanka a shanya. Rake yana ba da ƙasa da lita 100 a tan, amma hekta ɗaya takan ba da tan 70 zuwa 80, ba ya buƙatar inzayim tunda sukarinsa a shirye yake, tukar da aka matse kuma ita ake ƙonawa a tukunyar tururi. Dankali ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Manomin Holan ko na Amurka yana samun sama da tan 40 a hekta. Manomin Mangu ko Barikin Ladi a Filato, da iri mai tsufa da taki mai tsada, da wuya ya ga tan 10.

Sannan masana'anta ba ta san kaka da rani ba, tana son abinci kusan kowace rana a shekara kafin ta mayar da kuɗin da aka kashe wajen gina ta. Dankalin Filato kuwa sau biyu yake faɗowa, na damina da na noman rani, a tsakaninsu sai a yi ta cigiya. Wanda ya gina masana'anta a kan wannan ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

3. Waɗanda suka riga mu

In ana maganar mai daga dankali, Jamus ce uwa. A 1817 wani mai suna Pistorius ya yi rajistar tukunyar tatsa da ta sauƙaƙa aikin, a 1873 kuma aka samu tukunyar Henze mai dafa dankali da matsin tururi har ya narke. Manyan gonakin gabashin ƙasar, masu rairayin da alkama ba ta so, suka cika da ƙananan masana'antu. A farkon ƙarni na 20 Jamusawa suna kunna fitila da murhu da injin gona da wannan sinadari. A Yaƙin Duniya na Biyu, rokar nan ta V-2 da aka riƙa harbawa Landan, man da take sha etanol ne kashi 75 cikin 100 gauraye da ruwa, kuma an ƙiyasta cewa harbi ɗaya yana cin kusan tan 30 na dankali, a lokacin da mutane ke bin layin abinci. A Amurka ma, a 1925, Henry Ford ya gaya wa 'yan jarida cewa etanol ɗin da ke cikin amfanin eka ɗaya ta dankali zai iya tuƙa injinan noman wannan gona shekara 100. Ford ya iya zance. Amurka dai da ta tashi yin etanol da gaske, masara ta kama.

Abubuwa biyu suka riƙe masana'antun Jamus, kuma masu ɗokin abin a nan ba sa ambatonsu. Na farko, kowace masana'anta a jikin gona take. Ruwan dusar da ya rage bayan tatsa, wanda yakan kai lita 10 ko fiye a kan kowace lita ta etanol, shanu ake ba shi da ɗuminsa, takin shanun ya koma gonar dankali. Na biyu, gwamnati ce ta riƙa sayen sinadarin a farashin da ya fi na kasuwa. Da aka janye wannan gata daga hannunsu a 2013, da yawansu suka rufe.

Misalin da ya fi dacewa da mu yana jihar Idaho ta Amurka. Kamfanin Simplot, mai sarrafa dankali ya zama soyayye don manyan gidajen abinci, ya kafa masana'antun etanol a shekarun 1980 a jikin wuraren aikinsa. Ba dankalin kasuwa yake zubawa ba. Ɓawo ne, da guntayen da aka yanke, da sitacin da ya kwanta a ruwan wanki, abin da da ma sai an biya kafin a zubar. Da kayan aikin ya zo kyauta, kuma a wuri ɗaya yake taruwa kullum, sai lissafin ya fita.

Ƙasashen da suka yi nisa kowa ta duba abin da take da shi a yalwace. Brazil ta kafa shirinta a 1975 bayan tashin farashin mai na 1973, ta dogara da rake, a 2003 ta fara sayar da motoci masu shan fetur ko etanol ko gaurayensu. Tailan ta kama rogo da ruwan maɗin da ke ragewa a masana'antar sukari. Sin, da ta ga masara na tsada, ta taka wa sababbin masana'antun hatsi birki a 2007, ta buɗe ta rogo a lardin Guangxi. A wannan shekarar ce mutanen Meziko suka fito zanga-zanga kan tsadar masarar da suke waina da ita, jami'in Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yancin samun abinci, Jean Ziegler, shi kuma ya kira mayar da gonakin abinci na man mota laifi a kan bil'adama. Wasu sun ce ya zafafa. Amma a ƙasar da magidanci ke auna shinkafa da gwangwanin madara, ni ban ga zafin ba.

4. Mu fa?

Ba yau muka fara ba. Kamfanin NNPC ya buɗe sashen makamashi mai sabuntuwa a 2005, a 2007 gwamnatin tarayya ta fitar da manufar man tsirrai, da burin gauraya etanol kashi 10 cikin 100 a fetur, daga rogo da rake. An sa hannu a yarjejeniyoyi da jihohi, har da Kebbi a 2017. Yau ka shiga gidan mai ka ce a ba ka mai gauraye da etanol ɗin gida, yaron famfo zai ɗauka ba'a kake. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman rogo, kusan tan miliyan 60 a shekara, amma har yanzu etanol ɗin da masu haɗa magunguna da turare da kayan shafa ke amfani da shi, mafi yawansa daga waje ake shigo da shi. 'Yan masana'antun da ke yinsa daga rogo, irin wadda ke Igbesa a jihar Ogun, ba su ƙosar da kasuwa ba. Wanda bai iya da rogon da ya fi kowa ba, da wane ƙarfi zai tunkari dankalin da jiha ɗaya ce ke ɗauke da kusan dukkan nomansa?

5. Inda dankali yake da wuri

Kada a fahimce ni a baibai. Tsibin nan na bayan rumfa asara ce ta gaske, kuma yana da amfani. Sai dai a san wane tsibi. Dankalin da ya riga ya ruɓe ya zama ruwa, bakteriya sun cinye sitacinsa, in ka zuba shi a tukunya ma sai ya lalata maka sauran. Wanda ke da amfani shi ne sararre, da ƙanana da ba mai saye, da korayen da bai kamata mutum ya ci ba saboda dafin da ke cikinsu, wanda ba ya bin tururi ya shiga etanol. Su ma sai an kwashe su a ranar ko washegari.

Saboda haka tsarin da nake ganin zai yi aiki daga baya yake farawa. Da fari a rage asarar. Cutar baƙin tabo da ta yi wa gonakin Filato kaca-kaca a 2014, ita ce wadda ta jefa Ailan cikin yunwa tun daga 1845, kuma maganinta sananne ne: iri mai tsafta mai jure cuta, da feshi a kan kari. Tashar binciken dankali da ke Kuru, ƙarƙashin cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa ta Umudike, don wannan aka kafa ta, abin da take buƙata kuɗin aiki ne. Sai rumbunan ajiya masu sanyi da iska, don manomi ya daina sayarwa a wulaƙance a watan Agusta, mai saye ya daina kuka a watan Nuwamba. Sai masana'antar sarrafawa, mai yin soyayyen dankali da gari da sitaci. A bayan katangarta ne ƙaramar tukunyar etanol za ta zauna, tana cin ɓawo da ragowa, ruwan dusarta kuma ya tafi wurin masu kiwon shanu, ko a tara shi a rami ya ba da gas ɗin da za a dafa tukunya ta gaba.

Etanol ɗin da aka samu kuma kada a kai shi gidan mai. Wanda ya tsaya a kashi 95, ba sai an kashe kuɗin tsotse sauran ruwan ba, ya isa asibiti ya yi sipirit na goge fata kafin allura, ya isa masu haɗa man wanke hannu da muka sha wahalar nemansa lokacin korona. Ya kuma isa murhu. A sansanonin 'yan gudun hijirar Somaliya da ke gabashin Habasha, shirin Project Gaia ya raba wa mata murhun etanol da aka yi daga ragowar masana'antar sukari, suka huta da shiga daji neman itace da shaƙar hayaƙi. A garuruwanmu da gawayi ke cinye dazuzzuka, kalanzir kuma ya zama kayan gabas, lita ɗaya a murhu ta fi lita ɗaya a tanki daraja.

6. Tambayar da ake yi ƙasa-ƙasa

Wani zai ce, Malam, wannan fa giya ce. Gaskiya ne, sinadarin ɗaya ne, kuma ba a ɓoye wa mutane haka. Hukuncinsa na malamai ne, su za a kai wa, tare da cikakken bayanin cewa na ƙonawa ne da tsaftace rauni. Abin da ya rage wa hukuma shi ne doka: duk litar da za ta fita daga masana'anta a gauraya ta da sinadari mai ɗaci da launi yadda ba za ta shawu ba, a kuma san adadin da aka yi da inda ya tafi. A 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan shan ogogoro mai ɗauke da metanol. In aka bar kowa ya kafa tukunya a bayan gida da sunan man mota, irin wannan labari za mu ji daga wuraren da ba mu zata ba.

Ga malaman jami'a kuma ina da roƙo. Ɗalibin da zai rubuta kundi kan wannan batu a bana, a ƙara masa babi ɗaya. Ya je Maikatako ya auna tan nawa ake zubarwa a ranar kasuwa, kashi nawa ne sararre, kashi nawa ne ruɓaɓɓe. Ya rubuta kuɗin inzayim a naira, da kilo nawa na itace ya ƙona kafin ya sami kwalbarsa, da kuɗin mota daga Bokkos zuwa inda tukunyar za ta zauna. Ya raba jimlar da yawan litar da ya samu, ya rubuta amsar a shafin farko.